Darasin Juma'a: Yadda 'ya'yanmu za su koma makaranta lafiya



Tun watan Maris na shekarar 2020 aka rufe makarantu a faɗin Najeriya saboda cutar korona, bayan an sami mutum na farko da ya kamu a Legas ranar 27 ga Fabrairu. A watan Afrilu cutar ta shigo Adamawa, kuma wanda aka fara samu matafiyi ne da ya dawo Mubi daga Kano, hanyar da mu 'yan kasuwa muke bi kullum. Ranar 4 ga Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma, suka fara jarrabawar WAEC ranar 17. Daga nan kuma Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa makarantun gwamnatin tarayya za su buɗe ranar 12 ga Oktoba 2020, jihohi ma suka shiga buɗe nasu.

To, tambayar da ake ta yi a bakin kasuwa a lokacin ita ce: a mai da yara, ko a ƙara jira?

Amsar ita ce a mai da su. Wata shida da ɗoriya ba wasa ba ne. Mutanen ƙasar Mubi sun ga abin da ya faru a 2014, lokacin da aka watse saboda Boko Haram: hankali ya kwanta, makarantu suka buɗe, amma ba duka yara ne suka koma aji ba. Yaron da ya saba riƙe kuɗi a shago ko a kasuwar shanu, zaman benci yakan yi masa wuya. Yarinya kuma idan zaman gida ya yi tsawo, sai a soma maganar aure. Ga kaka ta zo, kowa na neman hannu a gona.

Sai dai komawa tana da sharuɗɗa. Cutar tana bin numfashi ne, da tari da atishawa da magana kusa-kusa, musamman a ɗakin da iska ba ta shiga. Yara yawanci ba ta yi musu tsanani, amma sukan kai ta gida wurin kaka, ko uba mai ciwon suga ko hawan jini. Nan ne haɗarin yake.

Na farko, ruwa da sabulu. Mu da muke alwala sau biyar mun saba da ruwa, amma a nan sai an haɗa da sabulu, a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20. Bokiti mai famfo a ƙofar aji ya isa. Kowane yaro ya tafi da gorar ruwansa, a daina shan kofi ɗaya a bakin randa.

Na biyu, iska da tazara. A buɗe tagogi da ƙofa. Hunturu na tafe, za a so a rufe saboda sanyi da ƙura. Gara a sa wa yaro rigar sanyi a bar tagar a buɗe. Idan aji ya cika, a fitar da rabi gindin bishiya, ko a raba su safe da rana.

Na uku, takunkumi. A 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 12 zuwa sama ya sa kamar babba, ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kuwa ba a tilasta masa. Telolinmu za su ɗinka na yadi. A yi wa kowane yaro biyu, ana wanke ɗaya yana sa ɗaya, kuma ba a ara wa ƙani.

Na huɗu, wanda ya fi wuya: mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida. Yanzu lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kada mu yanke hukunci da kanmu mu ce ai maleriya ce kawai. A kai shi asibiti a gwada. Haka uban da ya dawo daga fatauci da mura, ya ɗan ja jiki daga yara. Kuma kada a tsangwami gidan da aka sami ciwo, don tsangwama ce ke sa mutane ɓoyewa.

Islamiyyarmu ma ta shiga wannan lissafi. Idan boko ta raba zama safe da rana, zai ci karo da karatun yamma, don haka malamai da iyaye su zauna su daidaita lokaci, kada yaro ya rasa ɗaya. A rage cunkoso a tabarma, a fitar da darasi harabar masallaci.

Mai cewa komai ƙaddara ne, ya tuna Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, kuma ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Bayan sallah, mai halin kawo sabulu, bokiti ko yadi ya ga kwamitin masallaci. Wanda maƙwabcinsa bai shirya mai da yaro ba, ya yi masa magana cikin hikima.

Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.

Sakataren Masallaci