Hawan keken tsauni a kewayen kurmin Seru da haɗarin hanyar dawowa

Keken tsauni, wanda a ƙasashen da ke magana da Faransanci ake taƙaita sunansa da VTT, shi ne keken da aka ƙera domin hanyar da ba ta da kwalta, kuma ana gane shi da kaurin tayarsa mai manyan haƙora da ke kama ƙasa, da yawan giyarsa, da sifirin da ke ƙafar gaba wanda aikinsa shanye gargada. Ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna, sannan kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a kasuwa a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, aka kuma shigar da wasan cikin gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Kekunan da ake gani a arewacin Jamhuriyar Benin galibinsu na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwan Kwatano, wanda ke nufin mai saye yakan gaji birki da kacar da wani ya riga ya cinye rabinsu.

Seru ƙauye ne kusa da Zugu, garin da ake rubutawa Djougou a taswira, hedikwatar jihar Donga, wanda ke da nisan kilomita ɗari da talatin da ɗoriya daga birnin Faraku. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa, domin Zugu zango ne a kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta tashi daga Kano, ta ratsa Borgu ta Nikki, ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Abin da ya fitar da sunan Seru shi ne kurminsa, wani ɗan yanki na dogayen itatuwa masu duhuwa da ya tsira a tsakiyar gonakin doya da yazawa da kaɗanya da ɗorawa, saboda mutanen wurin suna ɗaukarsa a matsayin wuri mai tsarki. Hanyoyin da mahayi zai bi a kewayensa hanyoyin gona ne da burtalin shanu, waɗanda ƙafa da kofato da tayar babur suka fitar, kuma mai son haɗa zagayensa da bakin ruwa yakan biya ta ɗaya daga cikin tafkuna da ƙananan madatsun ruwan yankin, kamar yadda mahayan Faraku kan nufi madatsar kogin Okpara wadda garin ke sha daga gare ta.

Zagaye, a bakin mahaya, shi ne hanyar da take komawa inda aka taso ba tare da an maimaita sawu ba, kuma idan aka kira shi matsakaici ana nufin yana da hawa da gangara waɗanda ba su kai a sauka a tura keke ba, da duwatsu da saiwoyin da mai ɗan sabo zai iya ratsawa. A Turai ana nuna wannan da launi a kan alluna, kore ga mai sauƙi, shuɗi ga matsakaici, ja da baƙi ga masu wuya, amma wannan ma'auni an yi shi ne domin hanyar da aka gina ake kuma gyara ta, alhali hanyar gona a Donga tana sauya kama da kowace damina, ta yadda inda aka bi lafiya bara kan zama kwazazzabo bana.

Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ce gyaran keke da rakiyar mahaya a tsakanin Faraku da Zugu, ya lura da cewa faɗuwar da ke kai mutum asibiti ba kasafai take faruwa a wurin da kowa ke tsoro ba, domin a gaban dutse ko rami mutum yakan natsu ya rage gudu. Takan faru ne a kashi na ƙarshe na zagayen, a kan gangara mai laushi, bayan an huta a bakin ruwa, lokacin da gajiya ta sassauta hannu kuma zuciya ta riga ta isa gida. Dalilin yana cikin ƙasar kanta, wadda akasari marmara ce, wato jar ƙasa mai tauri da ke fitar da ƙananan tsakuwa masu zagaye, kuma idan rani ya busar da ita sai tsakuwar ta kwanta a kan daɓe mai ƙarfi tana mirginawa a ƙarƙashin taya. Birkin gaba shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke, saboda haka wanda ya damƙe shi gaba ɗaya a kan kwana mai tsakuwa, ko dai ƙafar gaba ta zame ta kayar da shi a gefe, ko kuma ta kafe ta jefa shi ta saman kan keken, kuma a duka biyun hannu ne ke fara tarar ƙasa, shi ya sa karayar wuyan hannu da ta ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa suka zama sanannun raunukan wannan wasa. Maganin abin shi ne a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a matsa birki biyun tare a hankali, a ɗaga daga sirdi a mayar da nauyi baya yayin gangara, a kuma ɗan rage iskar taya domin ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Hular kwano kuwa, wadda wasu ke ratayewa a kan keke da zarar zafi ya taso, an fi buƙatarta ne a wannan sa'a ta ƙarshe.

Lokacin shekara ma yana sauya lissafi. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba ruwa kan mayar da fadamu taɓo mai liƙe wa kaca da birki, da hunturu kuma ƙura da hayaƙin ƙunar daji kan rage gani, a Maris da Afrilu kuwa zafi kan kusanci digiri 40, inda mahayi ke buƙatar aƙalla rabin lita na ruwa a kowace sa'a. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar jijiyar ƙafa alamu ne na jiki ya rasa ruwa da gishiri, kuma haɗin da ma'aikatan lafiya suka saba koyarwa, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana aiki ga mahayi kamar yadda yake yi wa mai gudawa.

Bakin tafki shi ne wurin da aka fi yin kuskuren da ba a ganin sakamakonsa nan take. Ruwan da ke kwance a wannan shiyya ta Afirka ta Yamma yakan ɗauki ƙananan katantanwa waɗanda tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu, kuma tsutsar tana huda lafiyayyar fata ta shiga jiki cikin mintoci, ba sai an sha ruwan ba, sannan fitsarin jini ko ciwon ciki ya biyo baya bayan makonni ko watanni, lokacin da mutum ya manta da wankan da ya yi. Tsoma ƙafa domin a huce, da shiga ruwa a wanke laka daga keke, duk suna cikin wannan haɗari, ban da cewa man kaca yana gurɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Wanda ya riga ya shiga ya je a gwada fitsarinsa da bayan gidansa, domin cutar tana jin maganin Praziquantel. Ciyawar bakin ruwa da gefen gona kuma mazaunin kububuwa da kasa ne, don haka faci a tsakiyar hanya ake yin sa, a fili, inda ido ke ganin ƙasa.

Shi kuwa kurmin yana da masu shi. Akwai sassan da baƙo ba ya shiga sai da izini da rakiya, kuma ladabin da fatake suka sani tun da can, na a fara gaida mai gari kafin a sauke kaya, bai tsufa ba. Tayar keke da aka ja wa birki a kan gangara tana tone ƙasa ta buɗe wa ruwan sama hanyar zaizaya, wanda ɗan ƙaramin kurmi irin wannan ba zai jure ba, saboda haka kewaya shi ta hanyar gona ya fi ratsa shi. A kan burtali kuma garke ne ke da hanya, haka ma mata masu ɗauke da itace ko ƙwaryar kaɗanya, kuma mahayin kirki yakan sauka ya yi sallama ya jira su wuce.

Ana roƙon duk mai niyyar wannan zagaye ya kai kekensa a duba masa birki da kaca kwana guda kafin tafiya, ya ɗauki famfo da kayan faci da ruwan da zai ishe shi har dawowa, ya tashi bayan sallar asuba tare da abokin tafiya, ya kuma shaida wa wani a gida hanyar da zai bi da lokacin da za a sa ran ganinsa.