Barci da Gigin Tsufa: Jan Hankali ga Jama'ar Kwali

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Lokoja a garin Kwali tun kafin ketowar alfijir, zai iske ma'aikata a jere suna jiran motar shiga Abuja, alhali kuwa da yawansu ba su kai haƙarƙari ƙasa ba sai da dare ya raba, wani saboda cunkoson hanya, wani hirar teburin mai shayi, wani kuma latsa waya. Bayin Allah nan sun ɗauki barci tamkar bashin da za a biya ranar Asabar, ba su san ƙwaƙwalwa tana riƙe da lissafi har zuwa furfura ba.

Abin da muke kira gigin tsufa, wato dattijo ya kasa tuna sunan jikansa, ko ya ɓata tsakanin gida da kasuwa, ko ya ci tuwo ya rantse ba a ba shi ba, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda jahilci kan sa a jingina ta ga sammu ko maita. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya bayyana nau'inta mafi yawa a 1906, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta masu fama da gigin a duniya sun haura miliyan 55.

To, ina alaƙarta da barci? Mutanen garin Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ba sa bukatar a gaya musu cewa randar da ake ta zuba wa ruwa ba a ɗauraye ta, sannu a hankali laka za ta kwanta a gindinta; haka ita ma ƙwaƙwalwa. A 2013, Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka gano a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi ratsa ta, yana kwashe dattin da ya taru, har da wanda ake iskewa danƙare a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. A 2021 kuma aka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 na tsawon shekara 25, aka ga waɗanda suka dawwama kan barcin sa'a shida ko ƙasa, daga shekara hamsin zuwa saba'in, hatsarin gigi a gare su ya ƙaru da kashi 30 cikin 100 bisa masu sa'a bakwai. Masana sun yi ihtiyaɗi, suka ce ƙarancin barci yana iya zama sababi, yana kuma iya zama alamar farko. Ko wanne ne, bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Saboda haka ya wajaba magidanci ya tsayar da lokacin kwanciya, ya bar goro da shayi mai kauri bayan La'asar, ya ɗaura gidan sauro, ya taƙaita ƙailula, ya tuna malamai sun karhanta hira marar dalili bayan Isha'i. Wanda kuwa iyalinsa suka lura yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa, kada ya nufi kemis neman ƙwayar barci; ya je Babban Asibitin Kwali, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, a duba shi, a auna masa jini.

Muna roƙon Allah tsari daga arzalul umuri, wato mummunan tsufa, wannan kuwa ya kyautu. Sai dai addu'a tana tafiya ne da riƙon sababi, kuma cikin sabubban nan babu mai araha kamar kashe fitila da wuri.