Darasi: Idan Yaro Ya Dawo Daga Makaranta da Tambaya a Kan Halitta

Kafin a fara wannan darasi, a sa mutum ɗaya ya karanta Farawa sura 1 da 2 da ƙarfi, kowa ya ji.

A zagayen da muke yi na ƙauyuka, iyaye sun sha kawo mana kuka iri ɗaya. Yaro ya dawo hutu daga sakandare, ya ce an koya musu cewa daga biri mutum ya fito. Uba ya fusata, har ya fara tunanin cire shi daga makaranta. Shi kuwa yaro ya rasa tudun dafawa. In ya rubuta abin da ya ji a coci, zai fāɗi jarrabawa. In ya rubuta na aji, zuciyarsa tana ce masa ya yi zunubi. Ta haka muke rasa yara, waɗansu su bar karatu, waɗansu su bar sujada. Shi ya sa ya kamata mu san ainihin abin da ake gardama a kai.

Ra'ayoyi uku

Na farko shi ne juyin halitta. A shekarar 1859 wani Bature ɗan Ingila, Charles Darwin, ya bayyana cewa 'ya'yan kowane abu mai rai ba sa zama daidai da juna. Waɗanda suka fi dacewa da wurin zamansu su suka fi rayuwa, su suka fi haihuwa, kuma su bar wa zuriyarsu wannan hali. Bayan dogon zamani sai irin ya sauya. Masana kimiyya ba su ce birin da ke ɓarna a gonarmu shi ya haifi mutum ba. Abin da suke cewa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa kaka tun miliyoyin shekaru. A 2001 an tono wani ƙoƙon kai a hamadar ƙasar Chadi, aka sa masa suna Toumaï, aka kiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Yawancin masana kimiyya sun yarda da wannan bayani, shi ne kuma ake koyarwa a darasin bayoloji.

Na biyu shi ne na masu cewa kwana shida na Farawa kwanaki ne irin namu, duniya kuma ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba. A 1650 wani babban bishop a Ailan, James Ussher, ya lissafa zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Masu auna duwatsu kuwa sun ce duniya ta kai shekara biliyan 4 da rabi.

Na uku shi ne na masu cewa tsarin jikin mai rai da kansa ya nuna akwai mai hikima da ya tsara shi. Tun 1802 William Paley ya kawo misalin agogo: wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa. A Amurka an so a sa wannan ra'ayi cikin darasin kimiyya, amma a 2005 wata kotu ta yanke hukunci a shari'ar garin Dover cewa koyarwar addini ce, ba kimiyya ba.

Akwai kuma Kiristoci da yawa da suka gaskata Allah ne Mahalicci, juyin halitta kuwa hanya ce da ya yi aiki da ita. Ɗaya daga cikinsu shi ne Francis Collins, likitan da ya shugabanci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wanda aka kammala a 2003.

Abin da muke gani da idonmu

Ko wane ra'ayi muka riƙe, akwai sauyin da ba mai musunsa. Kowace kaka manomi yakan ware zangarniya mafi kyau ya ajiye iri, domin ya san ɗa yana ɗauko halin uwa.

Ku tuna da kulorokwin. Dā shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida. Yakan kashe yawancin ƙwayoyin cutar, amma 'yan kaɗan masu jurewa su tsira su hayayyafa, har suka yi rinjaye. A 2005 Nijeriya ta sauya shi da haɗin magani da ake kira ACT. Haka ƙwari suke yi wa maganin feshi idan kullum iri ɗaya ake fesawa. Saboda haka mu shanye magani yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, ko da mun ji sauƙi, kada kuma mu rage awon maganin feshi don tsimi.

Sai sikila. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu jinin AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya sa AS ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Wannan gadon jini ne, ba maita ba ce, ba kuma la'ana ba. Gwajin jini kafin aure yana hana hawaye masu yawa.

Ina bangaskiyarmu ta tsaya?

Farawa ta koya mana wanda ya yi duniya, da darajar da ya ba mutum, namiji da mace, da aikin da ya danƙa masa na nome gonar da kiyaye ta. Madubin likita ba zai iya auna waɗannan ba. Kimiyya tana binciken yadda abubuwa suke aiki, amma ba za ta gaya mana dalilin da ya sa za mu ƙaunaci maƙwabci ba. Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan tsawon kwanakin halitta, duk da haka Ubangijinsu ɗaya ne. Kada wannan ya raba ikilisiya.

Iyaye, in yaro ya zo da tambaya, kada mu tsawata masa. Matambayi ba ya ɓata. Mu ce ya bayyana mana abin da ya koya, mu saurara, sa'an nan mu buɗe Littafi tare. Mu bar shi ya rubuta jarrabawarsa da kwanciyar rai, gama bayyana abin da masana suka gano ba musun Allah ba ne. Gobe shi ne zai zama nas ko malamin gona a garinmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane sauyi muka lura da shi a irin shuka, ko ƙwari, ko magunguna tun muna yara?
2. Me za mu ce wa yaron da yake tsoron darasin bayoloji zai raba shi da Allah?
3. Yaya ikilisiyarmu take taimakon masu shirin aure su yi gwajin jini, ba tare da an kunyata kowa ba?

A rufe da addu'a domin 'yan makarantarmu da malamansu.