Me ɗana yake nema a fatar ƙwayar cuta?

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Gonakinmu sun tsuke, rabon gado ya yayyanka su, shi ya sa na sayar da shanun huɗata na sa ɗana a Jami'ar Bayero, da fatan ya fito likita. Ya gama digiri a ilimin ƙananan halittu, yanzu kuma ya ce zai ci gaba, wai zai binciki yadda wasu abubuwa da ake kira furotin suke haɗa kai a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar cuta. Na tambaye shi wane ciwo wannan zai warkar, ya yi ta bayani ban gane ba. Ƙannena suna cewa ya dawo ya buɗe kyamis ya rage mini nauyi. Don Allah a gaya mini gaskiya, aiki ne ko ɓata shekaru?

Wani uba, daga ƙasar Makoɗa

Amsa: Baba, Allah ya sa ka ci moriyar wahalarka. Aiki ne, kuma ya shafi gidanka kai tsaye, sai dai ba ya kawo kuɗi da wuri.

Ka san yadda taifot take a da. Yaro ya sha kafso na kwanaki, ya miƙe. Yau a sha wannan, a koma wancan, a ƙare da allura, zazzaɓi na nan. Mutane kan ce maganin zamani ba ƙarfi, ko jabu ne. Jabu kam akwai shi, amma sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, ƙwayar cutar ce ta sauya. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, babu inda abin ya kai Afirka ta Yamma muni. Babban kaso na wannan taurin kai a tantanin da ɗanka yake magana a kai yake.

Tun 1884 wani likitan Denmak, Hans Christian Gram, ya gano cewa in aka rina bakteriya da wani rini, wasu suna riƙe shi, wasu ya wanke. Daga baya aka gane cewa waɗanda ba sa riƙe rinin tantani biyu gare su, na ciki da na waje. A cikinsu akwai masu kawo taifot, da amai da gudawa, da sanƙarau, da yawancin ciwon mafitsara. Ka ɗauke su kamar gari mai ganuwa biyu: kafin magani ya kashe ƙwayar, sai ya sami ƙofa a ganuwar waje, ya kuma tsira daga masu gadi. Ƙofofin da masu gadin da maginan ganuwar duk furotin ne. Wasu magunguna masu ƙarfin gaske, irin vancomycin, ba sa taɓa waɗannan ƙwayoyi sam, don sun fi ƙofar girma. Ƙwayar kuma takan rage yawan ƙofofinta in ta sha wuya, sai maganin da ke shiga a da ya riƙa shiga kaɗan kaɗan.

Inda maganar haɗa kai ta shigo shi ne wajen abin da masana ke kira famfo. A jikin bakteriyar hanji da ta taifot akwai furotin uku, AcrA da AcrB da TolC. AcrB yana zaune a tantanin ciki, shi ke cafke magani. TolC bututu ne da ya huda tantanin waje. AcrA shi ke ɗaure su wuri guda. In sun haɗu, sai su tofar da maganin waje kafin ya yi aiki, kuma ba sa zaɓe: tetracycline, chloramphenicol, ciprofloxacin, duk suna fitarwa. In aka cire ɗaya daga cikin ukun, famfon ya mutu, maganin da ƙwayar ta raina jiya ya kashe ta yau. Abin da ke ba ni mamaki a nan shi ne famfon ya girmi magungunanmu nesa ba kusa ba. Ƙwayar da ke zaune a hanji da shi take kare kanta daga ruwan matsarmama, mu ne muka zo muka ba ta dalilin ƙara yawansa. An ga siffar TolC a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2000, ta AcrB a Japan a 2002, amma sai 2014 aka ga ukun a haɗe. A 2019 kuma aka ba da rahoto daga Bangaladash cewa canji a gurbi ɗaya tak na AcrB ya sa ƙwayar taifot tana tofar da azithromycin, maganin sha na ƙarshe da ya rage wa masu irin taifot ɗin da ta ɓulla a Pakistan a 2016. Da ba a san siffar furotin ɗin ba, da ba a gane abin da ya faru ba.

Na tabbata ba ka manta sanƙarau na 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, asibitin IDH na Kano ya cika har waje. A jikin wannan ƙwaya ta sanƙarau ne masu bincike a Jami'ar Utrecht ta Holan suka gano, a 2003, furotin ɗin da ke dasa sauran furotin a tantanin waje, wanda yanzu ake kira BamA. Shi ma ba shi kaɗai yake aiki ba, da abokai a gefensa, kuma in ya tsaya ƙwayar ba ta rayuwa. Shekara goma sha shida bayan nan, a 2019, ƙungiyar Kim Lewis a Boston ta Amurka ta samo wani sinadari, darobactin, da ke toshe BamA daga waje ba tare da ya nemi ƙofa ba. A farkon 2024 kamfanin Roche da masana Jami'ar Harvard suka bayyana zosurabalpin, wanda ke cushe hanyar furotin bakwai da ke kai kayan gini zuwa tantanin waje a jikin wata muguwar ƙwayar asibiti mai suna Acinetobacter. Babu ko ɗaya cikinsu da ya iso shagon magani tukuna. Amma zuwa lokacin da aka bayyana su, an shafe sama da shekara 50 ba a sami sabon jinsin magani na waɗannan ƙwayoyi masu tantani biyu ba, kuma ta wannan hanya ce ake ganin haske.

Wahalar aikin ba ƙarama ba ce. Sai an jera ƙwayar hanji kamar 500 kafin su kai milimita ɗaya, tantanin kuma kitse ne siriri. In aka narkar da shi don a ciro furotin, abokan sukan rabu, abin da ake son gani ya watse. Shi ya sa sai 1985 aka fara ganin cikakkiyar siffar furotin na tantani. Yanzu ana daskarar da su a duba da wani madubin lantarki da ya ci kyautar Nobel a 2017, kuma na'urar tana cin miliyoyin daloli. Sai dai manhajar AlphaFold, wadda ita ma ta kai ga Nobel a 2024, ta saki hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 kyauta a intanet. Ɗalibi a Kano da kwamfutarsa yana iya fara abin da a da sai an je Turai.

Akwai kuma abin da ɗanka yake da shi wanda na Turai ba su da shi. A ƙasarku babu gonar da ke hutawa, taki ne ke riƙe da ita. Tumaki da awaki a cikin gida suke kwana, ana tara kashinsu a kai gona da jaki ko amalanke, ana sayen kashin kajin gidan gona a buhu. Kaza ta yi sanyi, a ɓare mata kafso ja da yalo a ruwa. Mutum ya sayi magani na kwana biyu, gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya ji dama ya daina. Rijiya kuma ba ta da nisa da salga, don fili ya yi kaɗan. Magani kaɗan kaɗan, wanda bai isa kisa ba, shi ne ke zaɓo ƙwayoyin da famfonsu ya fi ƙarfi, su kuma su bi taki da ruwa su zaga gari. Ban faɗi wannan don in ga laifin kowa ba, talauci da ƙarancin likita ne suka kawo shi. Amma ƙwayoyin da ke yawo tsakanin Ɗambatta da Bichi da Kunci sun cancanci a san irin sauyin da ke jikinsu, kuma wanda ya tashi a nan, ya san hanyar rijiya da ta turke, shi ya fi dacewa ya ɗebo su ya duba.

Shawarar ƙannenka ba ta banza ba ce, kyamis sana'a ce ta halal, kuma nauyin gida gaskiya ne. Sai dai masu iya buɗe kyamis suna da yawa, masu iya wannan aiki kaɗan ne. Ni dai ina ganin ka bar shi ya ci gaba, bisa sharaɗi. Kada a jinginar da gona ko a sake sayar da dabba saboda wannan karatu. Ya nemi tallafin karatu, ko ya kama aikin koyarwa ko na ɗakin gwaje-gwaje ya riƙa yi yana karatun, ya kuma sami malamin da ke da alaƙa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ware ƙwayoyin cuta daga jikin marasa lafiya na gaske. In ya zo hutu, ka zaunar da shi ka tambaye shi wace ƙwaya zai bincika, wane furotin, kuma wa zai biya kuɗin kayan aiki. In ya amsa ukun ba tare da kame-kame ba, ka sa masa albarka ya tafi.