Kada Ku Tsallake Makonnin Jira

'Ya'yana, samari da 'yan matan ikilisiyarmu, ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Sanyin hunturu ya fara sauka, hazo ya rufe gari, ana yankan dawa a gonaki, kuma kowa ya san abin da ke tafe. Tun Nuwamba ba ta ƙare ba ake jin waƙoƙin Kirsimeti a shagunan masu cajin waya. Teloli sun fara ƙin karɓar ɗinki, masu watanda suna zagayawa suna tara kuɗin sa. Ba ni da ja da ko ɗaya a cikin waɗannan, biki ne kuma ya cancanci a yi masa shiri. Roƙona gare ku guda ne: makonni huɗun nan da Ikilisiya ta ajiye a gaban bikin, wato lokacin Adben, kada ku ɗauke su kwanakin banza da ake ƙirgawa har su wuce.

Lokacin yana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, shi ya sa yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Wata shekara kwana 22 ne kawai, wata shekara ya kai 28. Wannan Lahadin ta farko ita ce mafarin shekarar Ikilisiya. A lokacin da jama'a ke lissafin ƙarshen shekara, mu a majami'a muna buɗe sabuwa, kuma abin da muke fara ta da shi jira ne. Jiran ma iri biyu ne. A kwanakin farko karatun Misa yana juya hankalinmu ga dawowar Almasihu a ƙarshen zamani, sai daga 17 ga Disamba ne ake komawa kan labarin haihuwarsa a Baitalami. Mutane da yawa sun san na biyun, sun manta da na farkon, alhali shi ne ke tambayar mutum halin da za a tarar da shi a ciki.

Ku buɗe ido ranar Lahadi za ku ga Ikilisiya tana koyarwa ba tare da ta yi magana ba. Fada zai fito da riga mai launin shunayya. Furannin da ke kan bagadi za su ragu. Waƙar Gloriya, wadda muka saba rerawa kowace Lahadi, za a ajiye ta, ba za mu ji ta ba sai a babban idi kamar na Uwargijiyarmu Maryamu ranar 8 ga Disamba, sannan sai daren Kirsimeti. Ku 'yan ƙungiyar mawaƙa, a nan nake da magana da ku. Na san kun sha wahalar koyon waƙoƙin haihuwa, kuma bakinku yana ƙaiƙayin fitar da su. Ku yi haƙuri ku riƙe su. Ku sassauta ganga, ku bar muryoyin jama'a su fito. In kuka cika majami'a da waƙoƙin Kirsimeti tun makon farko, ranar da ya kamata su sa tsofaffi hawayen murna za su zo a matsayin abin da kunne ya riga ya gaji da shi. Manomi ba ya yanke dawa tana ɗanya don yana marmarin tuwo. Yakan bari iskar hunturu ta busar da ita tukuna.

A da can, wannan lokaci na azumi ne sosai. A ƙasar da yau ake kira Faransa, wani taron bishop-bishop da aka yi a garin Macon a shekarar 581 ya tsayar da azumi ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, tun daga idin Waliyyi Martin a 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. A Milan ta ƙasar Italiya har gobe makonni shida suke yi, ba huɗu ba. Yau Ikilisiya ba ta ɗora mana dokar azumi a Adben ba, ta bar wa kowa ya duba kansa. Wannan sauƙi ne, amma kuma amana ce. Wani abin da zai rage shi ne abinci, wani giya, wani kuwa awannin da yake ƙonawa a kan waya har tsakar dare. Kowa ya san inda nasa yake.

Su kyandirori huɗun da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya, uku shunayya, ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku wadda ake kira Lahadin murna, asalinsu daga Jamus ne. Wani fasto mai suna Johann Wichern ne ya fara al'adar a Hamburg a 1839, don yaran talakawa da yake riƙo su riƙa ganin yadda kwanaki ke matsowa. Ba ma ɗan Katolika ba ne, amma abin kirki ba ya rasa masu ɗauka. Kuna iya yin naku a gida da kyandir na kasuwa, ku tara ƙannenku da yamma ku yi Rosari tare.

Amma in kuna son ku san ainihin aikin wannan lokaci, ku kasa kunne ga mutumin da ake karanta labarinsa a Lahadi ta biyu da ta uku, Yohanna Mai Baftisma. Abin da ke burge ni game da shi, da mutane suka zo bakin Kogin Urdun suna tambayarsa abin da za su yi, bai ce su bar sana'arsu su bi shi jeji ba. Luka ya ba da labarin cewa ya umarci mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma ya yi haka. Masu karɓar haraji ya hana su ƙara ko kwabo a kan abin da aka yanka. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Kowa a kan aikinsa ya kama shi.

To, ku ma ku tsaya a gabansa da sana'arku. Kai ɗan acaɓa da kai mai Keke, in ka ga tsohuwa ta sauko daga mota da kaya ba ta san gari ba, kuɗin da kake karɓa a hannun ɗan gari shi za ka karɓa a hannunta. Ke mai awo a kasuwa, mudun da kike saye da shi, shi za ki sayar da shi. Kai tela, kada ka karɓi yadin da ka san ba za ka gama ba kafin biki. Gara ka faɗi gaskiya tun yau da ka bar yarinya tana kuka a ƙofar shagonka ranar jajibiri. Wanda ke da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa ya sallame su da haƙƙinsu. Wanda ake bin sa bashi, ko ba zai iya biya duka ba, ya taka ya je ya ba da abin da ya samu, ya nemi uzuri, ya daina ɓuya in ya hango mai kuɗin. Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada ku ci sabon bashi don anko ko sabuwar waya. Na ga gidajen da suka yi kwana biyu suna shagali, Janairu ta zo da kuɗin makaranta, aka kwashe wata uku ba a ga maciji tsakanin miji da mata.

Wannan ne ya kawo ni kan furta zunubi. A wannan lokaci Fadoji daga majami'un da ke maƙwabtaka sukan haɗu a rana ɗaya su saurari jama'a, yau a nan, gobe a can, don kowa ya samu dama. Dokar Ikilisiya tun 1215 ita ce a yi aƙalla sau ɗaya a shekara, amma wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ba shi ne ma'aunin mai ƙauna ba. Na san abin da ke hana ku: kunya, da tsoron cewa Fada ya san ku, ya san iyayenku. Ku sani abin da aka faɗa a wurin nan ba ya fita, ko da za a kashe Fadan a kansa, kuma in kunyar ta yi yawa ga baƙin Fadoji nan da ba su taɓa ganinku ba. Shawarata ita ce, kafin ka durƙusa a gaban Fada, ka fara zuwa wurin wanda ka ɓata wa. Akwai 'yan'uwa a majami'ar nan da suke zama a benci ɗaya, suna karɓar Jikin Almasihu a layi ɗaya, amma shekara ta zagayo ba su gaisa ba saboda iyakar gona ko wata magana da aka yi a wurin biki. Kai yaro, ko kai ne mai gaskiya, fara gaisuwa ba ya rage ka da komai. Sau da yawa babban ma yana so, hanya ce ya rasa.

Sai kuma Maryamu. Da mala'ika ya kawo mata albishir, ba ta zauna a Nazarat tana jiran a zo a yi mata barka ba. Ta tashi ta nufi ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin 'yar'uwarta Alisabatu, tsohuwa mai cikin wata shida, ta zauna da ita kusan wata uku. Zumunci a ƙafa yake, in ji mutanenmu, kuma ita ta taka. A unguwanninmu akwai tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa Misa, sanyin nan yana shiga musu har ƙashi. Akwai matan da mazansu suka rasu a bana, wannan ce Kirsimetinsu ta farko su kaɗai da marayu. Akwai waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, suka bar rumbu cike, yau suna raɓe a ɗakin wani. Bargo ɗaya, mudun shinkafa, itacen jin ɗumi, ko ma zama na awa guda ana hira, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. In kun tarar da marar lafiya da ke son a kawo masa Jikin Almasihu, ku kai sunansa ga katakis, domin Fada ba zai san wanda ba a faɗa masa ba.

Wannan aiki, iyayenku mata na Zumuntar Mata Katolika su suka daɗe suna ɗauke da shi. Su ne a gidan rasuwa, su ne a asibiti, su ne masu shara da wanke kayan bagadi. Ku dubi fuskokinsu da kyau, yawancinsu sun manyanta. Haka ma 'yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul da ke tsayawa a bakin ƙofa da akwatin taimakon matalauta. Wasunku suna ganin ƙungiyar tsofaffi ce. Ɗalibai ne suka kafa ta a birnin Faris a 1833, kuma jagoransu, Frederic Ozanam, shekararsa 20 a lokacin. Sa'anku ne.

Ku da za ku tafi gida ƙauye hutu, ina da saƙo na musamman gare ku. A ƙananan majami'un ƙauye, inda Fada ɗaya ke kula da wurare masu yawa kuma ba ya samun zuwa sai jifa-jifa, katakis ne ke riƙe da jama'a. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke karatu, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke binne matattu, kuma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Tun da Fadojin mishan suka isa Shendam a 1907, a kan ƙafafun irin waɗannan mutane bangaskiya ta yi tafiya a Arewa, har ta kai mu ranar da aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katsina a Disambar 2023, a cikin wannan lokaci na Adben. In kun isa gida, kada ku shiga majami'ar ƙauye da kallon raini don babu fanka babu lasifika. Ku je ku gaishe da katakis, ku tambaye shi inda zai sa ku. Mai iya karatun Hausa da kyau ya karɓi karatu ɗaya, ya yi bitarsa tun daren Asabar don kada ya yi ta tuntuɓe a gaban jama'a. Kakanninku da Latin suka ji Misa, ba su fahimci kalmomin ba amma suka tsaya. Sai bayan da Majalisar Vatikan ta Biyu ta buɗe ƙofa a Disambar 1963 ne aka fara jin ta da harsunan mutane. Abin kunya ne a ce yanzu da aka ba mu, jikokinsu ba sa iya karanta ta.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna cikin shirin. Sun aiko mana da nama da tuwo ranar Sallah, mu ma za mu aika musu. Iyayenmu sukan kira mahauci Musulmi ya yanka dabbar biki don maƙwabci ya ci hankali kwance, kuma ina so ku riƙe wannan ladabi. Ku kuma rage ƙarar kiɗa da dare, akwai mai jinya, akwai mai tashi da asuba.

Daga 17 ga Disamba aiki zai yi yawa a harabar majami'a. Za a gina komin dabbobi, al'adar da Waliyyi Faransis na Assisi ya fara a ƙauyen Greccio a 1223, kuma ciyawa da kara da zana duk muna da su, ba sai an sayo na kanti ba. Ana bukatar masu jera benci, masu koya wa yara wasan kwaikwayon haihuwa, da samari masu natsuwa da za su tsaya a bakin ƙofa, tunda halin da ƙasa ke ciki ya sa a wurare da yawa Misar dare ta koma ta yamma kuma dole a sa ido. Akwai kuma tsofaffin da ba za su iya takowa ba sai an ɗauko su, don haka mai babur ko Keke ya faɗi unguwar da zai iya zuwa. Bayan Misa ranar Lahadi katakis zai zauna a bakin ofis da littafinsa. Ku je da kanku ku ba da suna, kada ku jira sai an kira ku daga kan bagadi.