Kafin Akuya Ta Riga Ka Girbi

Da zarar an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, mai lambun rani ya shiga zullumi. Akuya ɗaya ta isa ta tsige zogale da latas ɗin da ka yi wata biyu kana ba ruwa.

Kada ka dogara da darnin kara kaɗai, don shi ma abinci ne a wurinsu. Ka jibge masa ƙayar magarya ko ta bagaruwa daga waje, musamman ta ƙasa, domin nan 'yan awaki ke cusa kai su ratsa. Mafi ɗorewa shi ne shinge mai rai. A ƙarshen rani, yanko rassan aguwa ka kafa su kusa da juna. Suna kamawa ba wuya, kuma dabba ba ta son farin ruwan jikinsu. Amma ka kiyaye idonka lokacin yanka, ruwan yana da zafi. Ƙofa kuwa a ɗaure ta da igiya kullum, yawancin ɓarna ta nan take shigowa.

In ka kama dabba a ciki, don Allah kada ka dake ta. Ɗaure ta, ka kira mai ita ya ga ɓarnar da idonsa. In ya ƙi ji, sai ku je gaban mai unguwa.