Hannun Gem, Akwati Mai Sanda Ko Marar Sanda: Wanne Ya Dace Da Gasar Wasan Faɗa?

A shekarar 2014, a gasar Evo da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka, wani ɗan Faransa da ake kira Luffy ya lashe kofin Ultra Street Fighter IV da hannun PlayStation na farko, wato irin na shekarun 1990, wanda ya jona wa na'urar gasar ta hanyar adafta. Da yawa daga waɗanda ya doke akwatuna masu tsada ne a kan cinyoyinsu. Bayan shekara biyar, Arslan Ash ɗan Pakistan ya cinye Tekken 7 a Evo ta Japan da kuma Evo ta Amurka duk a 2019, shi kuma da akwati mai sanda. Kowane nau'i ya taɓa cin kofi, saboda haka tambayar "wanne ya fi?" ba ta da amfani sosai. Abin da ke fitar da sabon ɗan wasa daga gasa tun kafin ya buga komai shi ne ya zo da abin da na'urar gasar ba ta karɓa, ko wanda doka ta hana. Daga nan ya kamata a fara, kafin a je kasuwa.

A wace na'ura za a buga?

A gasar wasan faɗa kowa da nasa hannun yake zuwa. Masu shirya gasa na'ura da allo kawai suke ajiyewa. Yawancin manyan gasanni na Street Fighter 6 da Tekken 8 da Mortal Kombat 1 a kan PS5 ake yinsu, wasu kuma a kan kwamfuta. Kwamfuta ba ta da tsangwama, kusan duk abin da aka jona mata ta USB za ta karɓa. PS5 kuwa ba haka take ba. Hannun PS4, wato DualShock 4, ba ya aiki da wasannin da aka yi don PS5, duk da cewa yana aiki a kanta idan wasan na PS4 ne. Wannan ya sha rikita mutane: mutum ya gwada hannunsa a PS5 ɗin abokinsa da wani tsohon wasa, ya ga lafiya ƙalau, ranar gasa a buɗe Tekken 8 hannun ya ƙi motsi.

Dalilin shi ne tantancewa. Na'urorin Sony suna tambayar abin da aka jona musu wata shaida da ke nuna yana da lasisi, kamar yadda manhajar banki ke neman lambar sirri. Akwatin da ba shi da wannan shaida zai iya yin aiki a PS4 na kimanin minti takwas, sai kawai ya ɗauke. Minti takwas kuwa daidai tsakiyar karawa ne. Maganin wannan shi ne adafta irin Brook Wingman FGC, wadda ke shiga tsakanin hannun da na'urar tana amsa tambayar a madadinsa. Duk wanda zai sayi akwati mai araha, to ya haɗa kuɗin adafta a cikin lissafinsa tun farko. Ya kuma tambayi masu gasar ko sun yarda da irin adaftar, domin ba kowace ake bari ba.

Hannun gem da aka saba

Wanda ya tashi yana buga ƙwallo a gidan gem ya riga ya shafe shekaru yana horar da manyan yatsunsa a kan hannun PlayStation, kuma wannan jari ne da bai kamata a zubar da shi haka kawai ba. MenaRD na Jamhuriyar Dominika, wanda ya ci Capcom Cup sau biyu, da shi yake wasa. Haka Punk na Amurka da ya ci Street Fighter 6 a Evo ta 2024, haka SonicFox a Mortal Kombat. Shi Mortal Kombat ma kamar don wannan hannun aka tsara shi, tunda karewa maɓalli ne na musamman da ake riƙewa da ɗan ali a kafaɗar hannun, saɓanin Street Fighter da Tekken inda ja da baya ne karewa.

Matsalarsa tana fitowa ne a Street Fighter. Wasan na da maɓallan hari shida, naushi uku da shuri uku, fuskar hannun kuma huɗu take da su. Dole biyu su koma kafaɗa, R1 da R2. R2 kuwa doguwar tafiya take yi kafin ta karɓi umarni, don an yi ta ne domin totur ɗin mota da kunamar bindiga. Shi ya sa aka ƙera hannaye na musamman kamar Hori Fighting Commander OCTA, masu maɓallai shida a fuska. Akwai kuma tsarin Modern a Street Fighter 6, wanda ya rage maɓallan hari zuwa uku, ya sa manyan dabaru su fita da dannawa ɗaya, amma a rage musu kashi 20 cikin ɗari na ɓarnar da suke yi. An yarda da shi a gasa, kuma ya zauna daram a kan hannun gem.

Sai lalacewa. A wasan faɗa maɓallan kibiyoyi huɗun nan na hagu ne ke shan wahala, kuma robar da ke ƙarƙashinsu tana mutuwa. Alamar farko ita ce kusurwa ta fara ɓacewa: a danna ƙasa da gaba tare, wasan ya ga ƙasa kaɗai. Jabun hannaye da suka cika kasuwa tun suna sababbi suke da wannan ciwon. A wasan ƙwallo ba za a lura ba, tunda analog ake murzawa. A nan kuwa Hadoken ne zai ƙi fita.

Akwati mai sanda

Wannan shi ne gadon gidajen wasa, inda aka haifi waɗannan wasanni a cikin manyan injina masu cin kwabo. Sanda a hagu, maɓallai takwas masu faɗin milimita 30 a dama, kowane yatsa da nasa. Yawancin masu kyau kayan kamfanin Sanwa ne a cikinsu, musamman sandar JLF, wadda ke yawo a cikin rami mai kusurwa huɗu don hannu ya riƙa jin inda kusurwa take. 'Yan Tekken da yawa sun fi son sandar Koriya, mai roba maimakon sifirin, saboda tana saurin komawa tsakiya, abin da salon ja da baya na Tekken ke buƙata.

Daɗinsa shi ne gyara. Maɓalli ya mutu, a buɗe a zare waya biyu a sa sabo. Akwati ɗaya zai iya shekaru goma. Dabarun da ke buƙatar juya sanda zagaye guda, kamar kamun Zangief, sun fi sauƙi a kansa. Amma yana da nauyi, yana da tsada, kuma wanda bai taso da shi ba zai yi makonni yana shan kashi a hannun mutanen da ya saba dokewa. Ga matashin da bai taɓa riƙe sanda ba, ba wata riba ta gudu da zai samu da za ta biya wannan wahalar. Wanda ya saye shi don sha'awa, wannan hujja ce mai kyau, amma ya san sha'awar ya saya.

Marar sanda, da rigimar da ya jawo

Nau'i na uku akwati ne da aka cire wa sanda aka maye gurbinta da maɓallai huɗu: hagu, ƙasa da dama a ƙarƙashin yatsu uku na hannun hagu, tsalle kuma a ƙasa wajen babban yatsa, kamar dogon maɓallin tazara na kibod. Kamfanin Hit Box ne ya yaɗa shi, har sunan ya zama na nau'in gaba ɗaya. Daigo Umehara, wanda ya yi suna da sanda tun shekarun 1990, ya koma kansa, ƙwararrun Japan da yawa suka bi.

Don a gane dalili sai an san yadda wasan ke ƙirga lokaci. Waɗannan wasanni suna zana hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto ana ce masa firem, tsawonsa kusan milisakan 16.7. A kowane firem wasan na duba abin da aka danna. Drive Impact na Street Fighter 6 firem 26 yake ɗauka kafin ya sauka, ƙasa da rabin daƙiƙa ke nan, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ake so ido ya gani, hannu ya mayar da martani. Mai sanda da ke son tashi daga baya zuwa gaba dole sandarsa ta ratsa tsakiya. Mai maɓallai yatsa ɗaya zai ɗaga, ya sauke wani. Firem ɗaya ko biyun da ya rage su ne ribar.

Sai dai maɓallai sun zo da abin da sanda ba ta iya yi: danna hagu da dama a lokaci guda, ko sama da ƙasa. Wannan shi ake kira SOCD. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san irin wannan matsala, sharuɗɗa biyu masu karo da juna sun zama gaskiya tare, dole a rubuta wanda zai yi nasara. Manhajar da ke cikin allon akwatin ce ke yanke hukuncin kafin ta aika wa wasan. Tsohon tsarin Hit Box shi ne hagu da dama su soke juna, sama da ƙasa kuma sama ta yi nasara. A ɗauki Guile, wanda Flash Kick ɗinsa ke buƙatar a riƙe ƙasa na ɗan lokaci sannan a danna sama da shuri. A tsohon tsari ɗan wasa ba sai ya saki ƙasa ba, taɓa sama kawai zai yi dabarar ta fita nan take. Mai sanda ba shi da wannan gajeriyar hanya.

A 2019 Capcom ta hana Daigo shiga gasar Combo Breaker da wani akwati marar sanda da aka yi wa gyare-gyare na musamman. A 2023, gab da fitowar Street Fighter 6, ta sauya dokar gasanninta: sama da ƙasa tare ba za su ƙara ba da sama ba, sai dai su soke juna. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce akwatin da ba a iya sauya masa tsarin SOCD zai iya zama halal a wata gasa, haram a wata. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar ana iya sauyawa.

A nan ne masu araha suka yi wa masu tsada fintinkau ta wani ɓangaren. Razer Kitsune ya fito a kan kusan dala 300, yana da lasisin PS5, a jona kawai a fara wasa. Akwatunan Haute42 kuwa da yawansu ba su kai dala 100 ba, kuma suna amfani da GP2040-CE, manhaja ta kyauta da kowa zai iya karanta lambobinta, wadda ke gudana a kan guntun RP2040, irin na allon Raspberry Pi Pico da ake sayarwa kimanin dala 4. Idan aka riƙe maɓallin Start yayin jona shi a kwamfuta, aka buɗe 192.168.7.1 a birawuza, shafin saiti zai fito, a sauya SOCD da matsayin kowane maɓalli. Mai ɗan sanin haɗa waya ma zai iya ƙera nasa da Pico da maɓallai da akwatin katako. Abin da ba su da shi shi ne lasisin Sony, wato an dawo kan maganar adafta.

Kuma kada a ɗauka sauƙi ne. Tsalle da babban yatsa yana rikita ƙwaƙwalwa a kwanakin farko, don maɓallin "sama" a ƙasa yake. Dabarun zagaye sun fi wuya. Wanda ya saba buga gem da kibod ne ke saurin kamawa.

Gwajin da ya fi bidiyon talla

Kafin a yanke hukunci, a ari hannun ko akwatin na awa ɗaya, a shiga ɗakin atisaye na wasan, a kunna nunin abin da ake dannawa a gefen allo. A yi Hadoken goma ana fuskantar dama, goma ana fuskantar hagu: ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, naushi. Sannan Shoryuken: gaba, ƙasa, ƙasa-gaba, naushi. Ɗan Tekken ya gwada ja da baya a jere. A duba jerin kibiyoyin da suka fito. Idan kusurwa na ɓacewa, ko tsalle na shigowa ba a kira shi ba, kuma hakan na faruwa a hannun mutum biyu daban, laifin na'urar ne. Kusan kowa yana da ɓangaren da ya fi rauni, gasa kuma ba ta barin mutum ya zauna a ɓangaren da ya fi so, tunda abokin karawa na iya tsallake shi a kowane lokaci.

Wanda waya kaɗai gare shi zai iya fara horar da yatsu da ita. Street Fighter IV Champion Edition yana kan Android da iPhone kuma yana karɓar hannun gem. Lokutan dabarunsa ba ɗaya suke da na Street Fighter 6 ba, amma motsin yatsa na Hadoken da Shoryuken bai canza ba. Shafar gilashi kuwa ba ta koya wa hannu komai da zai amfane shi a gasa.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne sauya nau'i saura mako biyu gasa. A shiga da wanda aka saba, a koyi sabon bayan an dawo.

Ranar gasa

Turbo, wato maɓallin da ke maimaita dannawa da kansa, haramun ne. Haka maɓallin da aka shirya ya fitar da jerin dabaru a dannawa ɗaya. Haɗa maɓallai biyu a ɗaya kuwa, kamar na Drive Impact, ba laifi idan daga cikin saitin wasan aka yi shi. A zo da waya ta USB mai kyau, da wata ta ajiya, domin wayar da ke motsi a bakinta tana iya yankewa a tsakiyar zagaye. A yawancin gasanni duk wanda ya tsayar da wasa, ko da bisa kuskure ne, ya yi asarar wannan zagayen, shi ya sa akwatuna da yawa ke da makullin da ke kashe maɓallin Options da na PS.

Mai DualSense yana da ƙarin aiki. Da zarar ya jona shi a PS5 ɗin gasa, na'urar ta haddace shi ta Bluetooth. Idan ya tashi ya jefa shi a jaka, maɓallin PS ya dannu, zai katse wa mutanen da suka zauna bayansa wasa, kuma ana iya korarsa daga gasar saboda haka. Saboda haka bayan kowace karawa sai ya shiga saitin na'urorin Bluetooth ya goge hannunsa. Wanda ya zo zama shi ma ya duba jerin ya goge na waɗanda suka riga shi, sannan ya nemi a ba shi damar gwada maɓallansa ɗaya bayan ɗaya kafin a fara zagayen farko, domin saitin da ke kan na'urar na mutumin da ya tashi ne.